Gwiwar da Likita Ya Auna

Kullum kuna ganin tsofaffin sojoji suna ɗingishi a titunan birnin Ponce, kuna kau da kai.

An hana ɗaya daga cikinsu, Don Efraín, kuɗin nakasar gwiwa, ya ɗaukaka ƙara. Alƙaliya ta karanta rahoton likita: gwiwar dama tana lanƙwasuwa sarai, babu zafi.

"Gaskiya ne, ranki ya daɗe," in ji shi.

'Yarsa Yaritza ta zabura. "Haba Papi, nuna mata mana!"

Ya naɗe wando. Ƙafar daman ta roba ce tun daga cinya.

Alƙaliya ta aje takardar. "Me ya hana ka gaya wa likitan ta hagu ke ciwo?"

"Cewa ya yi in miƙo ta dama. Soja ba ya musu."

Gobe ma za a auna wani tsohon. Ku raka shi, ku yi masa musun!