Inuwar Mai Jego

Tun da aka kafa dokar, ba a ba kowa magani sai an gwada a kan inuwarsa, wato kwafin jikinsa da ke cikin na'ura. A jarrabawar ƙarshe, Kubura, mai koyon lissafin yadda magani ke bin jiki, ta samu inuwar Ladidi, mai jego da hawan jini ya kwantar. Kullum inuwar warkewa take yi, Ladidi kuwa ƙafafunta sai ƙara kumbura.

Kubura ta bar na'urar, ta nufi ɗakin majinyata. Ta tarar da kakar jariri riƙe da kwanon sha.

"Iya, me kike ba ta?"

"Kunun kanwa mana, 'yar nan. Ana jego ba shi?"

Kubura ta koma wurin na'urar, ta ɗura wa inuwar kanwa safe da yamma. Inuwar ta kumbura, na'ura ta rubuta: za ta rasu ranar Alhamis. Kubura ta sake lissafi, ta sauya awon maganin, Iya ta yarda ta rage kanwa.

"Shekara ashirin muna lissafi, babu wanda ya leƙa kwano," in ji malaminta, yana sa mata hannu a takardar cin jarrabawa.

Ranar Alhamis ɗin, Ladidi ta zura takalmanta, ta rungumi jaririnta, ta tafi gida.