Kalmomi Biyar na Likita

Rondell Mabry ɗan garinmu ne a jihar Mississippi ta Amurka. Aikinsa a ƙwallon Amurka shi ne a danƙa masa ƙwallo a ciki, ya kutsa tsakiyar ƙartin da aka ɗauka musamman don su kayar da shi. Ya kwana biyu a kulob ɗinsu, gwiwoyi sun fara ƙara, ga wani sabon ɗan wasa da aka ɗauko daga jami'a yana zaune a benci yana jiran ranar da Rondell zai kasa tashi. A irin wannan aiki, wanda ya tafi jinya yakan dawo ya tarar an manta da sunansa.

Kafin a fara kakar wasa, likitar kulob takan gwada ƙwaƙwalwar kowa tun yana lafiya lau. Ta karanto maka kalmomi biyar ka maimaita, ka tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe, ta ajiye sakamakon. Ran da ka sha karo a ka, sai a sake gwada ka. In ka gaza sakamakonka na farko, ka bar fili ke nan sai ka warke.

Suna layin gwajin ne Hollis, tsohon ɗan wasan da ke buɗe masa hanya a fili, ya matso kusa da shi.

"Kai, ɗan ƙauye, kar ka shiga can ka nuna musu kai farfesa ne. Biyu za ka tuna, ka bar ukun."

"Saboda me, tsoho?"

"Saboda ran da aka kwaɗa maka kai, biyun dai za ka iya kawowa. Sai ta ce ai dama haka kan nasa yake, ta sake ka. Ko ka fi so yaron can ya gaje ka da ranka?"

Rondell ya yi dariya ya shiga. Likita ta ce, "Kyandir, takarda, sukari, keke, gada." Duka biyar ɗin suna zaune daram a kansa, amma ya sosa ƙeya ya ce kyandir da keke. Da aka zo tsayuwa da ƙafa ɗaya har tangaɗin ƙarya ya ƙara mata. Ya fito suka tafa da Hollis, su a dole masu wayo.

Da ya ba matarsa Tameka labari, ba ta yi dariya ba.

"Ron, gwajin nan fa don kai aka yi shi, ba don ita ba."

"Ƙafafuna suke so, Tameka, ba kaina ba."

A tsakiyar kaka abin ya zo. Ya kutsa da ƙwallo, wani ya tare shi, hular kwano ta haɗu da hular kwano. Ya miƙe yana ganin filin rawaya, kunnensa na ƙugi. Aka shigar da shi tantin da ke gefen fili, likita ta karanto kalmomi. Da ƙyar ya kawo biyu, wannan karon da gaske. Ta duba na farkon kaka ta ga biyu ne.

"Kanka na ciwo?"

"Garau nake, Likita."

Ta ƙura masa ido, ba ta gamsu ba, amma ba ta da hujjar riƙe shi. Ya koma fili. A garinmu ana kallo a talabijin a shagon aski, ana cewa ɗan Mabry namiji ne.

Bai daɗe da komawa ba aka sake karo da shi, na biyun ma bai kai na farko ƙarfi ba. Ya faɗi kawai, ƙwallon ta gangara gefe, aka zo da mota aka ɗauke shi. Mako na gaba yaron nan na benci ya hau gurbinsa. Kakar da ta biyo, wani ne ke saka lambar rigarsa.

Yanzu ya dawo gari. Yana wuni a baranda da baƙin gilashi, don haske na damunsa. Ba ya fushi, ba ya dariya. In aka zuba masa abinci ya ci, in ba a zuba ba ba ya tambaya. Tameka ta daina aikensa kanti tun ran da aka kira ta ta zo ta ɗauke shi, yana tsaye da kwando bai san abin da ya kawo shi ba.

Hollis ya zo gaishe shi sau ɗaya, da soyayyar tarwaɗa da burodin masara. Rondell ya karɓa ya yi godiya, sannan ya dube shi ya ce, "Kai ne mai gyaran famfon?" Hollis ya koma motarsa ya daɗe a zaune bai tayar ba, kuma bai sake zuwa ba.

Kwanan baya Tameka ta kai shi asibiti a birnin Jackson. Wani likita ya ce wa Rondell zai karanto masa kalmomi biyar, ya saurara da kyau.

"Tebur, rana, zobe, madara, ƙofa."

Rondell ya rufe ido. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Kyandir," in ji shi a hankali. "Da keke."

Likitan ya dubi Tameka ya ce, "Babu su a cikin waɗanda na faɗa."

"Na sani," ta ce. Ba ta yi kuka ba, wannan ya ƙare mata tuntuni. Ta ɗauko rigar sanyinsa ta saka masa, ta ɓalla masa maɓallan, suka fito.

Mai karatu, wanda ya ɓoye wa likita gaskiya don kar ya rasa gurbinsa a wurin aiki, kansa ya cuta ba likita ba. Wurin aiki zai sami wani tun kafin ka bar asibiti, amma kai ba ka da wata ƙwaƙwalwar a ajiye.