Wuskin da Torquil Ya Rantse Nasa Ne

"Kar wanda ya zuba mini ruwa!" Tsoho Torquil, mai sana'ar haɗa barasar wuski, ya rufe bakin kofinsa da tafin hannu. "Yadda ya fito daga ganga, haka zan sha abina."

Ranar gasar ɗanɗanon wuski ce a tsibirin Islay, kwalaben duk babu suna a jikinsu. Ya shinshina, ya kurɓa. Zafin ya kawo masa ƙwalla, sannan ƙamshin hayaƙi da gishirin teku suka biyo baya.

"Wannan nawa ne," ya ce yana dukan tebur. "Kaf tsibirin nan babu mai wannan hannun sai ni."

"Ka tabbata, dattijo?" in ji alƙalin gasar.

"In ba nawa ba ne, yau na bar sana'ar!"

Sai Ishbel ta miƙe daga bayan taro, 'yarsa da ya kora daga masana'antarsa, wai mace ba ta iya wuski ba.

"Daga gangata ya fito, Baba. Sai ka cika alkawari."

Torquil ya shanye sauran, ya miƙa mata kofin.

"Ai ban yi ƙarya ba. Ke ɗin 'yar waye? Ƙaro mini."