Ƙahon Tsakiya

Direba ya tada motar da za ta mayar da korarru ƙauye, shi kuwa da aka bari a bakin aiki ya kasa ɗaga ido ya dubi abokinsa a cikinta. Jiya da mai gonar zaitun ya ce zai rage ma'aikata, shi ya riga kowa buɗe baki: "Abokina idonsa ya fara mutuwa, rabin 'ya'yan yake bari a reshe."

Shekara da shekaru tare suke zuwa Safakis ta ƙasar Tunisiya tsinkar zaitun, shi sarkin surutu, abokin shiru-shiru. Ko a hutun rana abokin yana zaune yana kankare ƙahon rago, irin wanda suke sawa a yatsu su tsefe 'ya'yan zaitun daga rassa, shi yana tsokanarsa: "Kai, bebe, sadakin wa kake sassaƙawa?"

Abokin ya leƙo daga mota, ya miƙo masa ƙulli. "Ungo, ɗan'uwa. Naka sun tsage."

Sai da motar ta ɓace ya kwance ƙullin. Ƙaho uku ne. Na tsakiya an gasa shi an lanƙwasa, saboda yatsansa da ya karkace tun suna yara. Ya zura, ya zauna cif. Ko kaɗan idon nan na abokinsa bai kuskure ba.