Shekarun Sufeto

Kwana uku ke nan Sufeto ba ta sa komai a bakinta ba. Inna ta dafa mata kifi, ta shinshina ta kau da kai. Ta zuba mata madara a murfin kwano, ta bar wa ƙudaje. A rana ta huɗu Inna ta shimfiɗa tsohon tawul a kwandon cefane, ta kwantar da magen a ciki, ta nufi asibitin dabbobi, wurin da ba ta taɓa taka ƙafarta ba.

Kai mage wurin likita aikin mijinta ne, mai gyaran agogo. Shi ke ɗaukar ta duk shekara a yi mata allura, kuma ko rakiya ba ya yarda a yi masa. "Wurin wari ne, yi zamanki," in ji shi. Yau wata biyu ke nan da rasuwarsa.

Magen ta 'yarsu ce, ɗaya tilo da Allah Ya ba su. Tana 'yar sakandare ta tsinto ta a bayan aji, 'yar mitsitsiya, baƙa wuluk sai farar ƙafar hagu kamar an sa mata safa guda. Ita ta raɗa mata Sufeto, don ba a sauke tukunya a gidan ba tare da ta zo duba aiki ba. Bayan shekara biyu, zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke yarinyar. Kayanta an rabar, littattafanta gara ta cinye. Abin da ya rage mai numfashi, wanda hannunta ya taɓa shafawa, shi ne wannan magen, kuma a kanta Inna ta ɗora ranta gaba ɗaya.

Shi kuwa maigidan, Allah Ya jiƙansa, Inna ba ta taɓa yafe masa bushewar idonsa ba. Ranar jana'iza bai zubar da hawaye ba, kwana uku kuma ya koma shago ya duƙufa a kan agogunan mutane. Ko sau ɗaya bai taɓa kiran magen da sunanta ba. "Magen nan" kawai yake cewa, kamar ta maƙwabta ce.

Sau biyu ma ya kusa sa Inna hawan jini. Shekarar da ta je jinyar ƙanwarta, ta dawo ta tarar Sufeto ta shige ƙarƙashin gado tana yi mata kallon baƙuwa. Ya ce fushi take yi, ai an bar ta mako uku. Wani karon kuma ya ce likita ya riƙe ta kwana goma, ya hana Inna zuwa dubiya, shi kuma ya rufe shago yana ta yawon gari tun safe har yamma, ya dawo da ƙafa a kumbure. Ta yi masa tas a kan haka. Sai dai da magen ta dawo tana tsalle tana kama jelarta, Inna ta manta da faɗan, ta shiga sa wa likita albarka.

A asibitin ta zauna a kan benci tsakanin mai zomo da mai kare, kwandon a cinyarta. Ta riga ta saddaƙar. Shekara goma sha bakwai ba wasa ba ce ga mage. Abu ɗaya ta zo roƙo, in tafiyar ce ta zo, kada dabbar ta sha wuya.

Likitan dattijo ne mai tabarau. Ya ɗora magen a kan teburin ƙarfe, ya lalubi cikinta, ya buɗe bakinta ya haska. Ya ɗauki ɗan hantsaki, kafin Inna ta gama addu'ar da ta fara, ya zaro ƙayar kifi daga bayan haƙori.

"Ita ce ta hana ta ci, Mama. Zan ba ki magani, jibi za ta addabe ki da kuka."

Inna ta jawo kujera. Ta zauna tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Daɗi ya kwance mata baki, ta ba shi labarin 'yarta, da bayan aji, da shekara goma sha bakwai.

Likita ya sake duba haƙoran magen, farare tas, ba giɓi ko ɗaya. Ya dubi farar ƙafar. Sannan ya tambayi sunan maigidan, ya jawo aljihun tebur ya fito da wani tsohon fayil.

"Yau Baba bai zo ba?"

"Ya riga mu gidan gaskiya." Sai ɗacin da ta daɗe tana haɗiyewa ya taso mata. "Da ma dole ce ke kawo shi. Bai taɓa ƙaunar dabbar nan ba. Yarinyar ma da ta bar ta, ban ga ya yi mata kuka ba."

Likita ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa.

"Mama, ya roƙe ni kada in faɗa, kuma da yana raye da ba ki ji a bakina ba. Amma ba zan bari ki tafi da wannan maganar a ranki ba. A kan kujerar da kike zaune ya yi kuka, yana kiran sunan yarinyar, har sai da na rufe ƙofa don kada mutane su gani. Sau biyu ana haka. Duk lokacin yakan ce in har kika rasa magen nan, binne 'yarki za ki sake yi. Sai ya tashi ya shiga gari, gida gida, yana cigiyar baƙa mai farar ƙafar hagu."

Ya buɗe fayil ɗin ya jera katuna a gabanta, kowanne da kwanan watansa. Ya ɗora yatsa a kan na ƙarshe.

"Wannan da ke hannunki shekararta huɗu. Ita ce ta uku."