Dawo Takwas, Biyu Masu Guba

Ɓeraye sun addabi Hammawa a gidansa na Gwallaga, sai ya ɗauki dawo biyu daga furar da matarsa Habibatu ta kirɓa, ya cuɗa su da maganin ɓera, ya ajiye a kan faifai. Bai gaya wa kowa ba. Da Habibatu ta zo kawar da kwanuka, ta haɗa su da sauran shidan a ƙwarya ɗaya. Dawo takwas, duk farare da gari, ba mai iya bambance su.

Da ya faɗa mata, ta dafe ƙirji. "Malam, a haƙa rami a binne su duka."

Hammawa irin mutanen nan ne da ko ƙanzon tukunya ba sa bari a zubar. Ya ce, "Saboda biyu kacal in yi asarar shida? Ai masu kyau sun fi yawa."

Ran nan akwai leburori huɗu suna gyara masa katanga. Ya dama wa kowannensu dawo ɗaya da nono, ya miƙa musu yana fara'a, sannan ya koma gindin bango yana kallonsu. Wallahi wannan mugunta ce. Bayin Allah suka sha, suka yi godiya, suka ci gaba da aiki har la'asar, ba wanda ya ce ko cikinsa ya murɗa.

Hammawa ya shigo yana dariya. "Kin gani? Huɗu sun sha lafiya lau. Sauran ma haka suke."

Habibatu ta ce, "Masu kyau aka kwashe, Malam! Ɗazu biyu ne cikin takwas, yanzu biyu ne cikin huɗu. Duk wanda ya sa hannu, rabi da rabi ne."

Ya ce lissafin mata ne, ya ƙwace ƙwaryar ya kai ɗakinsa. Ita kuwa ta zari mayafi ta tafi kiran yayansa, ko Hammawa zai ji maganar yayan.

Tana fita, mahaifiyarsa ta sauka daga keke-napep, ta taho daga Ƙofar Ran cikin rana, ƙishirwa ta dame ta. Ta ce, "Hammawa, ba ɗan abin jiƙa maƙoshi?"

Ya tuna leburori huɗun nan da ke raye. Ya sa hannu ya ɗauko ɗaya, ya dama mata da kansa.

Ta shanye, ta sa masa albarka. Kafin Habibatu ta dawo, tsohuwa tana birgima a tabarma, kumfa na fita daga bakinta. Ba ta kai asibiti da rai ba.

Jama'a, idan akwai mugun abu a cikin tarin kaya, duk mai kyau da aka cire ƙara matso da mugun yake yi. Tsirar na farko ba shaidar tsirar na baya ba ce. Abin da guba ta shiga a zubar da shi duka, kada a gwada shi a kan ran kowa.