Keken da Bai San Layinmu Ba

Da na san abin da keken nan zai faɗa a gaban 'yata, da ban bari ta shiga ba.

Rumasa'u ta sauko daga jirgin ƙasa na cikin gari rungume da jaririnta, ta zo wankan gida. Tun da aka kori masu A Daidaita Sahu daga bakin tasha, kekuna marasa direba ne ke kai mutum har ƙofar gidansa. Sunan layi kawai ake gaya musu.

Muka shiga ɗaya muka zauna, na ce, "Layin Masaƙa."

Keken ya ce, "Babu wannan layin."

Na maimaita da ƙarfi. Ya sake faɗa a hankali, kamar mai lallashin yaro.

Rumasa'u ta yi dariya. "Baba, ko baƙo ne a garin?"

Ni ban yi dariya ba. Haka ya yi wa mutanen Layin Dukawa bara, kuma kafin damina ta wuce aka rushe gidajensu, aka gina benaye na masu shiga jirgi.

Tanimu mai shayin tasha ya leƙo. "Malam Ɗanjuma, tun safe yake musun layinku. Ce masa Layin Kasuwa, ku ƙarasa da ƙafa."

Haka muka yi. Na ɗauki jaka, ita tana takawa da ƙyar. Daga nesa na hango hayaƙi, uwarta ta riga ta ɗora ruwan wanka.

"Baba, na ga ka yi shiru."

Na ce zafin rana ne.

Har yanzu ba wanda ya ce mana komai. Ban sani ba ko keken kuskure ya yi, ko kuwa ya riga mu jin labari ne.